Bangon Malam Usman

Unguwar Gobarau, Katsina.

Zuwa ga aminina Babaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Safara'u da yara da duk mutanen Damagaram. Yaya ƙafar? Mu nan sai godiya. Na koma takarda ne saboda kunnen nan naka ya ƙi waya. Ran nan na yi ta ɗaga murya har uwargida Asabe ta fito daga kicin, ta ɗauka faɗa nake da wani.

Albishirinka. Ka tuna bangon zauren marigayi Alhaji Siddiq, wanda maigidanmu Malam Usman ya yi wa zane, ina kwaɓa ƙasa kana miƙa masa? Duk birnin nan shi kaɗai ya rage cikin aikin Malam, sauran duk siminti ya cinye su. To, bangon ya yi suna. Wani yaro ne, Shehu Ƙyalli, cikin masu rawa a waya, ya tsaya a gabansa aka ɗauke shi yana karairaya, wai duniya duk ta gani. Yanzu kullum samari da 'yan mata na zuwa ɗaukar hoto, kowa ya juya wa bangon ƙeya. Sun ma raɗa masa suna, wai Bangon Ƙyalli. Malam bai taɓa rubuta sunansa jikin aiki ba, iyakarsa ya danna babban yatsa a ƙarƙashin dagi ya wanke hannu. Ga shi yaro ya yi rawar da ba ta kai shan shayi ba ya gaje shi. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba.

Babbar damuwata 'yan siyasa. Zaɓe ya matso, sun ga inda ido yake, sai liƙa fastoci suke yi da ruwan sitaci. Kai ka san halin makuba, shafen nan namu na ɓawon ɗorawa, in aka ɓamɓare takarda da fatar bangon take tahowa, ga damina tafe. Aminu ɗan Alhaji, wanda gidan ke hannunsa yanzu, ya yarda in sake shafe bangon kafin ruwa ya sauka, har na tanadi makubar. Amma wani gidan rediyo ya gayyace ni hira, na ce bari in fara zuwa can. In jama'a suka ji sunan Malam, wataƙila su ji kunyar liƙa takarda a kan aikinsa.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Sada.

Unguwar Gobarau, Katsina.

Babaji,

Sallama da gaisuwa. Da fatan jiki da sauƙi, iyali kuma lafiya. Takardarka ta iso ta hannun direba. Ka ce in shafa makubata in kama bakina, magini ba maroƙi ba ne. Ta same ni a makare, na riga na je.

Yarinyar da ta yi hirar, Fadila, mai ladabi ce, har ruwa ta kawo mini. Ni kuwa na zauna na saki baki kamar a zaure, inda ake barin dattijo ya ɗauko magana daga tushe ya kai ta ƙarshe. Na ba ta labarin yadda Malam ke zane da yatsa a kan ɗanyar ƙasa ba tare da ya fara gwadawa ba, yana cewa ƙasa ba ta jiran mai shawara. Na ce mata zanen bango sadaka ce ga mai wucewa, shi ya sa ake yin sa ta waje, mai gida ma sai ya fito yake ganinsa. Na ce a da aiki ke gaba mutum na baya, yanzu fuska ke gaba. Da ta tambaye ni batun masu liƙa fastoci, na ce na gwamnati da na adawa duk kanwar ja ce, na kira sunan kowace jam'iyya don kada a ce na yi son kai.

Ran da za a sa hirar na tara maƙwabta a ƙofar gida. Babaji, ko sunan Malam ba su saka ba. Abin da aka ji kawai, wani mai zane ya ce jam'iyya mai mulki na lalata tarihin Katsina, sai muryata tana kiran sunanta ita kaɗai. Ashe mai gidan rediyon ɗan adawa ne, kowa ya sani sai ni. Washegari ɗaya gidan rediyon, na masu mulki, ya ce an sayi wani tsoho da ya rasa aikin yi. Sada da bai taɓa riƙe katin jam'iyya ba!

Ɗan takarar adawa ya zo da motoci ya tsaya gaban bangon yana jimami ana ɗaukarsa. Kafin ya iso yaransa suka yage fastocinsa don kada su fito a hoto, suka tafi da kusurwar dagin. Shi kuma Ƙyalli na ji ya yi wa wancan ɓangaren waƙa. Na koma wurin Fadila, ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, wallahi ba ni ke yankawa ba." Na yarda da ita, amma yardar ba ta mayar da komai ba.

Aminu ma'aikacin gwamnati ne, ka sani. Yanzu in na gaishe shi a masallaci amsawa yake yana kallon takalminsa. Na tuna masa batun shafe bango, ya ce in dakata tukuna. Hadari kuwa ya fara haɗuwa ta gabas. Ka taya ni addu'a.

Naka,
Sada.

Unguwar Gobarau, Katsina.

Ɗan'uwana Babaji,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Safara'u. Allah ya sa kuna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, hannuna ne ya ƙi ɗaukar biro.

An shafe bangon Malam da siminti.

Aminu da kansa ya zo gida ya durƙusa. Ya ce, "Baba Sada, ku gahwarce ni. An kira ni ohis, an ce ƙohwar gidana ta zama dandalin 'yan adawa. Ina da 'ya'ya, mi zan yi?" Na so in yi fushi da shi, na nemi fushin na rasa. Yaron nan a gabanmu aka yi masa suna, kuma bai yi ƙarya ba. Na ce ya tashi, Allah ya rufa asiri.

Ban iya zuwa wurin ba. Daga cikin gida nake jin ƙarar shebur, Asabe tana ta ja na da hirar da ba ta da kai don kada in ji. Da na fita sallar la'asar na tarar da bango sumul kamar allon makaranta. Kafin sati ya zagayo fastoci sun rufe shi, na ɓangarorin biyu, kafaɗa da kafaɗa. Masu ɗaukar hoto sun koma wani sabon shagon sayar da shawarma. Babu gidan rediyon da ya ba da labarin.

Gaskiyarka ce, Babaji. Bangon nan ya sha damina tun muna samari, ya sha sitacin 'yan siyasa, bai faɗi ba sai da na ce zan yi masa magana. Da na ɗauki ƙwaryata na shafa makuba, da yanzu yana nan, ko da sunan Ƙyalli ake kiransa. Ni ne na kasa haƙuri, na so a ji sunan Malam, alhali shi mai sunan bai taɓa nema ba. Makubar na nan a buhu bayan ɗaki, Asabe ta ce in bayar, na kasa.

Abin da zai ba ka dariya, ko ya sa ka kuka, duk shekarun nan ban taɓa ɗaukar hoton bangon ba, ina ganin ai ga shi nan. Hauwa'u 'yata ce ta nemo mini bidiyon yaron ta sa mini a waya, ta koya mini yadda ake kashe sautin. Shi nake kallo yanzu. Yana tsaye ya tare rabin aikin da kafaɗunsa, amma akwai wurin da yake sunkuyawa, sai dagin ya fito gaba ɗaya.

In Allah ya kawo ka da Sallah, kada ka bi ta lungun, ka zarce gida. Za mu zauna mu jira yaron ya sunkuya. In Hauwa'u ta tsayar daidai wurin, ana ganin yatsan Malam.

Allah ya jiƙansa, ya haɗa mu da alheri.

Naka har kullum,
Sada.