Bakina Ya Tona Mamani

Zuwa ga Hafiza, sanyin idona, ruwan randata, inuwar gawo a tsakiyar rani,

Sallama irin ta wanda ya san ya yi laifi. A takarda na rubuto na ba ƙawarki Uwale, tun da wayar da nake samunki a kanta ni ne sanadin ƙwace ta.

Kin tuna lokacin da kika fara shiga wasan motocin yaƙin nan na waya da sunan Mamani, don kada a gane mace ce? Samarin fadarmu ta shan shayi kowa ya jibga wa motarsa ƙarfe da manyan bindigogi har ta kasa gudu, kamar jakin da aka labta wa kaya ranar kasuwar Kornaka. Ke kuwa kika cire wa taki sulke, kika bar ta sakayau, kika shafa mata kore. Har dariya na yi miki. Ranar nan abokan karawa suka ritsa ni a bayan tudu, tayata ta fashe, hayaƙi na tashi, sai ga koriyar mota ta ɓullo ta bayansu. Ni mai cika baki, ke kika fid da ni. Wane namiji zai ga haka zuciyarsa ta zauna lafiya?

Abu ɗaya kika roƙe ni, kada sunanki ya fita a fada. Kin fi ni sanin Dakoro: budurwar da aka ambata a gaban butar shayi, kafin a sha zagaye na uku zancen ya isa gidansu.

To, da muka lallasa 'yan garin Ajekoriya a wasan, abokina Huzaifa ya tashi yana rantsuwa cewa Mamani namijin duniya ne, sai an nemo shi an ba shi shayin farko. Alfahari ya tuƙe ni. A yabi tawa a gabana, ba a san tawa ba ce? Na buɗe baki na faɗa. An ce baki shi ke yanka wuya, amma nawa bakin wuyanki ya yanka, ya bar ni ina yawo lafiya. Yayanki Yazidu ya karɓe wayar, an ce ko famfo Innarku ta hana ki zuwa. Kunya nake ji, Hafiza, kunyar da ta hana ni bin layinku.

Ba zan ce Shaiɗan ba ne, ni ne. Ranar Juma'a bayan masallaci zan je wurin Yazidu tare da kawuna, in gaya masa ko muryarki ba a taɓa ji a wasan ba, kuma da niyyar aure nake sonki. In zagi ne ya sauke a kaina, na ci bashinsa. Amma shi ba ya ba ni tsoro, tauraruwata. Shirunki nake tsoro. Za ki sake ba ni ajiyar wani sirri kuwa?

'Yan ekip, rukuninmu na wasan, sun matsa a cike gurbinki da wani. Ni ne kaftin, na ƙi. Haka muke shiga da giɓi, kullum ana kashe mu kamar fara, suna tsine mini. Su yi ta yi. Za mu ci gaba da shan kashi har ranar da kika ce kin yafe, ko da ba za ki sake taɓa wasan ba.

Naki, yau da gobe, har ƙasa ta rufe mini ido,
Amiru