Reshen Masu Wucewa

Lahadi, da dare.

Yau na je lambun Baba a Beji, karon farko tun rasuwarsa. Bazara ta kama, mangwaro ya fara nuna. Amma reshen nan da ya leƙa kan hanya, wanda Baba yake bar wa masu wucewa su tsinka, babu shi.

Na ce, "Yaya Sani, wa ya sare?"

Ya ce, "Ni ne. Ɓarayi yake jawo mana."

Wai ɓarayi!

Muna tsaye wata tsohuwa ta zo da itace a kafaɗa, ta ɗaga kai, ta ga wayam. Ta ce, "Mai lambu ya mutu ne?"

Ba wanda ya gaya mata fa. Na kasa barci.