Ƙasar Garhanga

Tabotaki, daren Alhamis, bayan girbi, 1938

Bayana sai ciwo yake. Na gama yaɓen ɗakin Inna da damina ta rusa, saura shafe. Na jiƙa ƙasa iri biyu, duka masu ruwan ɗorawa: ta tudunmu da 'yar ragowar ta Garhanga, garinsu Inna. Na shafa su kusa da juna a bango, wallahi ban ga bambanci ba. Na ce, "Inna, idonki ma ya yi rauni, mu sa ta nan."

Ta lalubi bangon, ta kai hanci, ta tsaya kan ta Garhanga. "Wagga nika so. Haka ɗakin uwata yake ƙanshi."

Ragowar ko kusurwa ba za ta isa ba, jakina kuma ɗingishi yake. To, ƙafafuna lafiya lau. Da asuba zan tahi.