Na Ɓoye Wa Maigidana Sifanoninsa a Cikin Rumbu

Hajiya Aina'u, don Allah ki taimake ni da shawara, wallahi na gaji. Daga wani ƙauye nake rubuto miki, can gaba da Ungogo, kuma ki sakaya sunana.

Maigidana manomi ne, yana kuma kai wake Dawanau. Da fetur ya yi tsada sai ya sayar da tsohuwar motarsa ya sayi irin wadda ake ce wa haibirid, mai aiki da fetur da lantarki. Shi mutum ne mai gyare-gyare. Injin ban-ruwa, babur, rediyo, duk ƙauyen nan wurinsa ake kawowa, kuma bai taɓa yarda akwai ƙarfen da ya fi ƙarfinsa ba.

To a nan, idan damina ta nutsa hanyarmu takan yanke, mota ta yi wata biyu a ajiye. Al'adar kowa ita ce a cire batir a shigo da shi ɗaki a ɗora kan katako. Ya cire ƙaramin batirin motar lafiya. Sai ya gano wani ƙato a ƙarƙashin kujerar baya mai wayoyi ruwan lemo, ya ce shi ma sai ya shigo ɗaki kada laima da ɓeraye su lalata shi. Ranar Talata ya sa silifas, ya ɗaura leda a hannu, wai kariya ke nan, ya hau kwance shi da sifana. Ina tankaɗe na ji ƙara, na fito na tarar da shi zaune a ƙasa yana haki. Har yau hannunsa na dama ba ya riƙe moɗa sosai.

Ya hana ni gaya wa kowa, ko yayansa Malam Usaini, wai kada a yi masa dariya a majalisa. Ya ce kuskure kawai ya yi, ranar Asabar zai ƙarasa. Ni kuwa na kwashe sifanoninsa na tura cikin gero a rumbu. Ya tambaye ni, na ce ban gani ba. Shekara goma sha tara muna tare ban taɓa yi masa ƙarya ba sai yanzu, abin yana ci na. In na tona masa asiri na saɓa masa, in na yi shiru ban san me Asabar za ta haifar ba. Yaya zan yi?

Maman Ummi

Maman Ummi, sannu da ɗawainiya. Mijinki ba wawa ba ne, tattalin dukiyarsa yake yi da dabarar da ta yi masa aiki shekara da shekaru. Sai dai dabarar ba ta wannan motar ba ce. Na tambayi masu gyaran irinta, sun ce babban batirin nan wutarsa ta ninka ta ƙaramin fiye da sau goma, tana kisa nan take, kuma ko an kashe mota ba ta gushewa. Su kansu sai da horo da safar hannu ta musamman suke kusantar wayoyin nan. Silifas da leda ba sa tsare komai.

Abu na farko, ya je asibiti a duba hannun da zuciyarsa, domin jan wuta yakan bar illa a ɓoye. Na biyu, kada kowa ya sake taɓa motar, yara ma su yi nesa da ita, har a kira ƙwararre daga cikin gari. Shi zai faɗa muku yadda ake ajiye ta da damina.

Batun ƙarya kuwa, ki warware ta yau. Ki ce masa ke kika ɓoye, kuma tsoron rasa shi ne ya sa. Ɓoyon ma ba mafita ba ne, sifana ko a maƙwabta sai ya aro. In ya ƙi ji, ki sami Malam Usaini shi kaɗai kafin Asabar. Wannan ba tonon asiri ba ne.

Zai yi fushi, na sani. Amma fushin miji kwana biyu ne, takaba kuwa wata huɗu da kwana goma ce. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya miki zuciya.

Hajiya Aina'u