Wa Ke Riƙe Miki Eriya Yanzu?

Ya hasken idona, sanyin ƙirjina, ruwan farko bisa busasshiyar gonata, Naja'atu! Sallama gare ki daga Gwashi, daga zuciyar da ta rasa natsuwa.

Kin tuna ranar nan a Adabka, da na riƙe miki sandar nan mai eriya takwas, rana na gasa ni, ke kina gindin tsamiya da kwamfutarki? Na tambaye ki me muke kamawa cikin iska. Kika ce muryar da ta fita daga waya ba hanya ɗaya take bi ba: wata ta bugi dutse, wata rufin kwano, wata ta ratsa gero, kowace eriya da abin da ya iso mata. Kika ce za ki tara dubban misalai ki koya wa kwamfuta, har ta riƙa gane hanyar da kanta ko da sabis ya yi rauni. Ban fahimci rabi ba, amma wallahi da kin ce in tsaya har kaka, da na tsaya!

Yanzu kuwa sai Salim, abokin karatunki na jami'a. Ƙanwata Tabawa ta gan ku a Gummi, kawunanku bisa allon kwamfuta ɗaya, kuna dariya. Dariyar me, zinariyata? Na hau tudun bayan gari, inda ake samun sabis, na kira ki. Kika ce, "Atiku, kuskuren kwamfutar ya ragu sosai, zan neme ka." Sai na ji muryarsa a bayanki: "Naja, zo ki gani!" Naja! Shekara biyu ina son ki, ban taɓa yarda na gutsure sunanki ba. Na sauko daga tudun nan ƙirjina na ci kamar wutar daji.

Baffa na jiran ki sa rana su je wurin mahaifinki a Anka. Inna ta tambaye ni sau uku. Me zan ce mata, farin watana?

Na san Salim ke jin yarenki, ni kuwa gero da shanu na sani. Shi ya sa duk Asabar nake hawa babur zuwa Bukkuyum, Malam Sambo na koya mini lissafi tare da jikokinsa. Ranar da za ki sake yin dariya a gaban allo, ina son in san abin da ya ba ki dariya.

Ki amsa mini, don Allah.

Naki kaɗai, muddin ina numfashi,
Atiku