Abin da Ya Ƙona Injin Yaya

Asabar, 2 ga Nuwamba
Injin ƙara murya na Yaya Maikuɗi ya sake ƙonewa a hannun ɗan farina, wurin walima a Bakura. Ana tsakar wa'azi murya ta shaƙe, sai hayaƙi. Yaya ya ce in aka kuma, zai karɓe kayansa ya ba wani. Innalillahi. Sana'ar ke nan da yaron ya iya.

Litinin, 4 ga Nuwamba
Na ce wa yaron, "Kai, zo nan." Yana bakin rijiya, ko waiwaye. Raini ya fara ke nan?

Talata, 5 ga Nuwamba
Bayan cin kasuwa na biya rumfar Ɗantala mai gyara, ni da kaina. Ya nuna min wani maɓalli, wai bes, mai kawo amon nan da ke dukan ƙirji. Ya ce, "Inna, wanga shi ka cin ƙarfi. Ki murɗa shi kaɗan, injin sai ya ninka aikinsa. Ki ƙara, ya sake ninkawa. Jaki ne, buhu kan buhu. In ƙarfin ya ƙare sai murya ta dushe, shi ko ya yi zafi. Ɗanki har ƙarshe yake kai shi."
Na ce don me? Ya ce, "Ke za ni tambaya."

Laraba, 6 ga Nuwamba
Na aiki ƙanwarsa Taibatu ta tambaye shi. Ni ba na zaman hira da ɗan fari, ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Haka muka tarar.
Ta dawo tana kuka. Wai in bai ji dukan a ƙirjinsa ba, bai san ko injin na aiki ba. Siririyar murya ba ta kai masa. Tun damina. Bakin mutane yake kallo.


Alhamis, 7 ga Nuwamba
Kowa fuskarsa yake kallo in zai yi masa magana. Ni kaɗai ke yi daga baya, kaina a ƙasa. To ni ya fara rasawa ke nan, na kira shi raini.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Na gaya wa Yaya. Ya ce a ɗiga fenti inda maɓallin zai tsaya, kada ya wuce. Kayan na nan hannun yaron. Asibitin kunne ranar Litinin.

Litinin, 11 ga Nuwamba
Taibatu ce za ta raka shi, sai na ga gyalena a kafaɗa. Ba wani abu ba ne, babur ne ke jira, shi kuma yana daga nesa. Na zagaya gabansa, na ɗaga kai don ya ga bakina.
Sharhabilu.
Ya amsa tun kafin in rufe baki. Ashe idonsa irin na Babana ne.