Mata Biyu a Kwamfuta, Ɗaya a Gidanka

Zuwa ga inuwata a tsakar rana, sanyin idanuna, ruwan sama na farko bayan dogon zafi, maigidana Mai Walda, wanda ya iya haɗa ƙarfe da ƙarfe amma ya kasa ɗaga waya.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da fatan tartsatsin wuta bai ƙara maka wani tabo a hannu ba. Yara suna gaishe ka. Tawa gaisuwar kuwa da fushi take tafe, gara in faɗa maka tun daga farko. Yau kwana tara da ka ɗauki jakarka ka tafi wurin aikin gada. Kwana tara ina kira, waya ta yi ta ƙara har ta gaji, sai can saƙo ya shigo: "Ina aiki." Aiki? Shekara goma sha tara muna tare, yaushe aiki ya taɓa hana ka jin muryata? Kai da kake cire safar hannu da haƙori don ka amsa kirana! Shi ya sa na koma ga biro da takarda, zan ba direban kamfaninku mai kai muku tukwanen gas. Na ce masa ya tsaya a kanka sai ka buɗe.

Ya abin ƙaunata, bari in tuna maka abin da ka riga ka sani, tunda fushi ya sa ka mantuwa. Shekara ashirin da biyu ke nan da na bar jami'a, ina aji biyu, lokacin da ciwon Mama ya yi tsanani, babu mai jinya sai ni. Ta rasu, rayuwa ta ci gaba, ka zo, yara suka zo, na samu aiki a ɗakin kati na asibiti, karatu ya zama abin da nake ba da labarinsa kawai. Kai ne ka shigo mini da takardar sanarwa wata ranar Asabar, ruwa ya yi maka jagab, ka ɓoye ta a cikin riga don kada ta jiƙe. Ka ce an buɗe wani tsari na manya masu aiki: mutum ya zaɓi kwasa-kwasansa daga sassa daban-daban, ya yi a lokacin da ya samu, kuma za a lissafa masa abin da ya taɓa yi a baya. Na ce na tsufa. Ka ce, "Tsoho ai ƙarfe ne, shi ma kankare tsatsa ake yi." Sai ka karɓi fom ka zauna a bakin gado ka cike mini, kana fito da harshe kamar ɗan aji ɗaya. Wallahi ban taɓa sonka kamar ranar ba.

To, a ranar ce kuma ka ɗaura mini wannan bala'in, masoyina! Inda aka ce a rubuta suna, ka rubuta nawa, ka bi shi da naka. Tsohuwar takardar sakamakona kuwa da sunan Baba take. Ni ma da laifina, ban karanta ba, na sa hannu kawai ina kallon fuskarka. Ni fa! Ni da nake yi wa marasa lafiya faɗa kullum ta Allah don sun buɗe kati biyu da suna biyu, yau ga ni na zama fayil biyu. Da abokan aikina sun ji, da sun yi dariya har sun faɗi.

Shekara uku na yi ina wannan karatu, kuma kai shaida ne. Lafiyar al'umma a wannan gini, nazarin zamantakewa a wancan, sarrafa bayanai a wani can bayan filin ƙwallo, ina gudu tsakaninsu da takalmin aiki. Na yi karatu a motar haya littafi a cinya. Na yi a lokacin hutun cin abinci, cokali a hannun dama, biro a na hagu. Na zauna aji ɗaya da sa'o'in babbar 'yarmu, suna ce mini Anti, suna ba ni kujera sai ka ce mai ciwon baya, sannan ranar jarrabawa kowa ya matso kusa da Anti. Kai kuma kana tsokanata, ka raɗa wa karatun suna "digirin tsince-tsince," wai na tsinto nan na tsinto can kamar mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ina dariya, domin na san bakin da ke faɗa. Bakin ne ya ce tebur ɗin cin abinci ya yi mini ƙasa, hannun kuma ya ƙera mini wani daidai tsayina, da ɗan wurin ɗora ƙafa.

Na gama, hasken raina. Na gama komai! Na rubuta jarrabawar ƙarshe, na miƙa kundin bincikena, an ɗinke shi da baƙin bango. Sai na je ofishin rajista in ga sunana cikin jerin masu fita, aka ce babu. Matar taga ta uku, wadda ɗalibai ke kira Madam Gobe, ta juyo mini da kwamfuta ta ce, "Duba da kanki. Wannan ta yi shekara biyu ta gudu. Wannan kuma ta yi shekara uku, amma kwasa-kwasanta ba su cika ba. Wace ce ke a ciki?" Na ce duka ni ce. Ta ce kwamfuta ba ta san duka ba. Na hau bene na sauka, na je wurin malamin da ke ba ni shawara, ya tura ni wurin shugaban sashe, shi kuma ya ce ai ni ba ta sashensa ba ce, tunda digirina na kowa ne. Na kowa ne, amma ranar matsala ba na kowa ba ne! Sau shida ina neman izinin fita daga wurin aiki, har shugabarmu ta daina ɗago kai idan na shiga ofishinta.

A ƙarshe dai suka faɗi magani. Takardar rantsuwa daga kotu cewa matan nan biyu mace ɗaya ce, na yi wannan. Sai takardar shaidar aurenmu, ta asali, ba hoto ba. Sannan in zaɓi suna ɗaya da za a buga a takardar digiri. Ranar Alhamis da ƙarfe goma sha biyu na rana za a rufe jerin. Kuma ka sani, don a gabanka na karanta wasiƙarsu: daga bana sun daina karɓar kwas ɗin da ya wuce shekara ashirin, ni ina cikin rukunin ƙarshe da aka yi wa sassauci. Idan Alhamis ta wuce, shekara biyun nan na ƙuruciyata sun tafi, sai dai in sake su daga farko. Ina da shekara arba'in da uku, gwiwata ta fara ƙara a kan bene. Ba zan iya ba, wallahi ba zan iya ba.

Ina takardar auren take? Tana cikin akwatin ƙarfen da ka ƙera, a ƙarƙashin gado. Ina makullin? Yana wuyanka, can inda kake, yana shan zufa.

Na san abin da ya kore ka, ba zan yi kamar ban sani ba. Na ce sunan Baba nake so a buga. Ka ajiye kofin shayi, sannan ka ce kai ka ɗauka gidan nan ne zai samu digiri. Ni kuma, da gajiyar ofis shida a kaina, na buɗe baki na ce, "Ai ba kai ka yi karatun ba." Kaicona! Tun kafin maganar ta gama fita na so in kamo ta. Na ga fuskarka ta canza kamar sararin da hadari ya rufe. Ka tashi ka ce, "Digirin tsince-tsince dai, a sa sunan duk wanda aka tsinta." Washegari ka tafi, alhali aikin gadar sai ranar Litinin zai fara.

Na yi kuskure, kuma ina neman gafararka, da hannu bibbiyu. Maganar ƙarya ce ma. Wa ya kai yara makaranta ranakun da nake da aji tun da sassafe? Wa ya koyi girki a shekara hamsin, har muka ci gishiri na wata guda ba mu ce komai ba? Wa yake zama ina karanta masa darasin ƙididdiga, yana gyaɗa kai kamar ya gane? Ka yi karatun nan, muradin raina, jarrabawa ce kawai ba ka shiga ba. Amma kai ma ka ba ni haushi! Ka ji zafi, to, ka zauna mu yi faɗa kamar yadda muka saba, ka ɗaga murya in ɗaga, yara su rufe ƙofar ɗakinsu. Shiru kuma na mene ne? A ce sai a makon da nake buƙatarka fiye da kowane mako za ka koyi shiru?

Ba ka ma tsaya ka ji dalilina ba, to ga shi. Ka san Baba shekara talatin ya yi a gidan waya yana rarraba wasiƙu, sunayen mutane kawai yake karantawa daga safe zuwa yamma. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, karatu ya guje masa. Jarida ta zama masa zane. Amma ranar Lahadi da na je, na ɗauko tsohon katin aikinsa ina share ƙura, sai ya miƙo hannun nan mai lafiya, ya ɗora yatsa a kan sunansa, ya dube ni yana murmushi da gefen baki ɗaya. Shi kaɗai ya rage masa cikin duk rubutun duniya. Ranar da na bar jami'a shi ya ɗauko akwatina daga ɗakin kwanan ɗalibai, da muka iso gida, a bakin ƙofa ya ce, "Ki yafe mini." Shekara ashirin da biyu ina neman hanyar da zan nuna masa babu abin yafewa. Idan na kai masa takarda da sunanka, zai ga takarda ce kawai. Idan da nasa ne, zai karanta. Likita ya ce kada mu riƙa lissafa masa shekaru, ka ji da kunnenka.

Kai kuwa, tauraron asubata, me za ka yi da suna a kan kwali? Sunanka yana kan 'ya'yana uku. Sunanka ne wanda bakina bai taɓa furtawa ba don girman da kake da shi a wurina. Duba cikin ambulan ɗin nan, akwai shafi ɗaya da na ɗauko hotonsa daga kundin bincikena, shafin sadaukarwa. Duba kwanan watan, wata biyu kafin mu yi faɗa aka ɗinke shi, don kada ka ce lallashi ne. Layi ɗaya ne: "Ga wanda ya ƙera teburin." Na so ka gani ranar bikin yaye mu, ina sanye da rigar, ka ɓata mini shiri.

Bari in faɗa maka abu na ƙarshe. Jiya babbar 'yarmu ta ce, "Umma, ki kira wani mai walda mana, minti biyar zai yanke akwatin nan." Gaskiyarta. Har na ɗauki waya. Na durƙusa na jawo akwatin, na shafa layin waldar da ka yi a gefensa, sumul kamar ɗinkin tela, sai na mayar da shi. Ba wanda zai sa wuta a aikin hannunka a cikin ɗakina. Ba na son digirin da sai an fasa akwatinka kafin in samu, domin duk ranar da na dube shi a bango, wannan yankan zan riƙa gani. Kai ka fara wannan tafiya da hannunka, da shi nake so ka rufe ta.

Kai mai haɗa ƙarafan da ba su san juna ba, ga mata biyu nan an raba: wata yarinya 'yar shekara ashirin da ɗaya da ta fita daga jami'a tana kuka, da wata mai furfura uku a goshi da ta koma. Ka zo ka haɗa mini su. Ranar Alhamis zan kasance a gaban taga ta uku tun ƙarfe tara, da takardar rantsuwa a hannu, idona a kan ƙofa. Zan tsaya har Madam Gobe ta ja labulenta. Akwatin yana nan yadda ka bar shi, na share masa ƙura, na jawo shi bakin gado don kada ka sha wahalar sunkuyawa.

Ko ka zo ko ba ka zo ba, zuciyar nan ba ta da wani mai makulli sai kai, yau da gobe har ranar da za a rufe mini ido. Amma ka zo, don Allah. Ka zo ko da fushinka ne, sai mu ƙarasa faɗan a motar haya.

Taka har abada,
ko da wane suna aka kira ni.